Ranar da Yaya Ya Juye Gwaggo a Sabuwa

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ban da ranar da muka kai jeren ƙanwata garin Sabuwa a cikin tifa. E, tifa na ce, motar yashi. Shekaru sun ja, ƙanwar tawa har ta yaye na biyu, amma har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna na yi dariya ta ishe ni, daga baya kuma kunya ta biyo. Ba zan kama sunan kowa ba, don duk suna raye, kuma ɗaya daga cikinsu ba ta gama hucewa ba.

Mu ’yan Ƙanƙara ne. Babban yayanmu direba ne, ya fi shekara goma yana jan tifar wani mai kuɗi a Funtuwa, daga rafi zuwa wurin gini, daga wurin gini zuwa rafi. Mutum ne mai haƙuri, ba ya shan komai sai shayi, ba ya da abokin faɗa. Aibinsa ɗaya: in ya ƙulla abu a ransa, ko garin nan kaf za a taru a kansa ba ya kwancewa. Da Allah ya buɗa masa, ya sayar da bijimansa ya haɗa da abin da ya tara, ya ce shi ma zai sayi motar kansa, ya gaji da yi wa wani bauta. Kowa ya yi murna. Murnar ta tsaya ne ranar da ya faɗi irin motar da zai saya.

Baba yana zaune a zaure, ni kuma na kawo musu ruwa na ƙi fita, don ni dama ba a gama zance a bayan idona.

“Tifa?” in ji Baba. “Mi za ka ɗauka da ita a garin ga? Mu masara gare mu, da dawa, da waken suya, da dabbobi ran kasuwa. Sayi mai bodin katako, ka ɗauki buhu yau, gobe ka ɗauki shanu.”

“Baba, mai bodi sai ka wuni kana jiran ’yan dako su sauke maka,” in ji Yaya. “Tifa kuwa ita ke sauke kanta.”

Na ce, “To in ta sauke, ita za ta jera buhunan a sito?”

“Ke, wa ya sa da ke? Ɗauki kofinki ki ba mu wuri.”

Na ɗauki kofina, amma sai da na ƙara masa da cewa nan da wata uku kaji za su fara ƙwai a cikinta. Ban yi daidai ba, wata biyu suka yi.

Ya kawo ta kuwa, shuɗiya, an sake mata fenti tana ta ƙyalli. Ya ajiye ta ƙarƙashin itacen bedin da ke ƙofar gida, a nan ta zauna. ’Yan hatsi suka zo suka leƙa suka koma. Suka ce bayanta ya yi tsawo, sai ɗan dako ya ɗaga buhu sama da kansa kafin ya jefa, kuma ciki sumul yake, babu inda za a ɗaura igiya. Dillalan shanu suka ce ba za su sa saniya a kan ƙarfe mai santsi ta karye kafin a kai kasuwa ba. Yashin da ya dogara da shi kuwa, masu gini a garinmu ba yawa gare su ba, kuma kowa yana da mai tifarsa tun da daɗewa. Sai a yi sati Yaya bai kunna ta ba sai don kada batir ya mutu. Kullum da safe ya fito da tsumma ya goge ta, ya kori awakin da suka kwana a ƙarƙashinta, ya zauna a inuwarta yana sauraron rediyo.

Da abin ya ishi Baba, sai ya yanke magana. Ya ce in ruwan farko ya sauka motar nan ba ta samu aiki tsayayye ba, a sayar da ita, Yaya ya koma jan ta wani. Daga ranar Yaya ya daina cin tuwo da yawa. Duk rashin kunyata, abin ya taɓa ni. Mutum ya yi shekara goma yana shaƙar ƙurar yashi don ya zama mai gidan kansa, ga shi zai koma yana cewa “ranka ya daɗe” kafin a ba shi makulli.

Ana cikin haka, a tsakiyar bazara, bikin ƙanwata ya taso. Mijin ɗan Sabuwa ne, ubansa kuma wani Alhaji ne babban ɗan hatsi, wanda duk ranar kasuwa sai motoci sun yi lodi a ƙofar sitonsa. Yaya yana jin haka idonsa ya buɗe. Ya ce kada a ɗauki hayar kowace mota, shi zai kai kayan ɗaki. In Alhaji ya ga tifa ta kawo gado da sif da tangaran ko cokali bai lanƙwashe ba, ai buhun masara wasa ne, dole ya ba shi lodi.

Innarmu ta ce ita ba a kai kayan ɗiyarta a motar yashi kamar za a cike rami. Yaya ya kwana uku yana lallashi, ya kwana uku yana wanke bayan motar da sabulu. Ya shimfiɗa kwali, ya shimfiɗa tabarmi. A ƙarshe Inna ta yarda, da sharaɗin sai an samu babba ya zauna a baya tare da kayan. Nan aka tuna da Gwaggo.

Gwaggo yayar Baba ce, a Faskari take aure. Allah ya yi mata jiki, ya yi mata murya, ya kuma yi mata baki. Ba a jere a danginmu ba da ita ba, ita ke cewa gado nan, sif can, kuma ko amarya ba ta isa ta matsar ba. Da ta iso ta ga motar, ta zagaya ta sau ɗaya tana taɓe baki.

“Wannan ce motar? Ɗan nan, an cuce ka. Ina tagoginta?”

“Gwaggo, ai ba ta mutane ba ce.”

“To ni aljana ce?”

Aka ce ta shiga gaba, ta ce ba za ta bar shogilas ɗin amarya a hannun iska ba. Shogilas ɗin nan, wato durowar gilashin da ake jera tangaran a ciki, shi ne abin alfaharin Inna a duk kayan. Tun daga Kano aka kawo shi, gilashi gaba, gilashi gefe, har da madubi a ciki.

Ranar tafiya, tun da sassafe maza suka fara lodi, suna yi suna tsaki. Kowane abu sai an ɗaga shi sama an miƙa wa na ciki. Da aka zo ɗauri aka rasa inda za a kama igiya, sai aka riƙa ɗaure kaya da kaya: gado da sif, sif da shogilas, shogilas da kujera. Katifu da filoli da buhunan labule aka jefa su can ƙarshe, wajen ƙofar baya, Yaya ya ɗaure ƙofar da sarƙa. Doguwar kujerar kushin aka sa ta gaba, jikin kan mota, bayanta na kallon direba, don masu rakiya su zauna. Sauran ’yan jere suka cika wata ƙaramar bas suka yi gaba. Aka bar Gwaggo da matan kawunnanmu biyu.

Hawan Gwaggo kaɗai ya ci rabin awa. Aka aro tsani a maƙwabta. Ta taka matakin farko ta juyo ta dubi mazan da suka yi lodi.

“Duk wanda ya kalle ni ban yafe ba.”

Maza bakwai suka juya suka fuskanci katanga kamar ’yan makarantar da aka kama da laifi. Mu mata muka tura daga ƙasa, na sama suka ja. Da ta zauna a tsakiyar kujera aka miƙa mata babbar kwallar dubulan da za a kai wa surukai ta rungume, ta ce a miƙo mata muciya kuma. Na tambaye ta me za ta tuƙa a hanya. Ta ce zan gani.

Ni aka sa a gaba, aka ɗora mini madubin sif a cinya, dogo, na rungume shi ina kallon fuskata tun daga Ƙanƙara har Sabuwa. Ban taɓa gajiya da ganin kaina ba sai ranar.

Akwai abin da ban sani ba game da tifa sai da muka hau hanya. An yi ta ne don nauyi. In an cika ta da yashi lafiya lau take tafiya, amma kayan ɗaki a wurinta kamar ba a ɗora komai ba ne, saboda haka kowane rami sai ta yi tsalle kamar ɗan maraƙi. Ramin farko bayan mun bar gari, na ji ƙwam! ƙwam! a saman kanmu. Muciya ce. Yaya ya rage gudu. Rami na biyu, ƙwam! ƙwam! ƙwam! Ya ƙara ragewa. Kafin mu kai Mabai, masu babur da buhu uku-uku suna wuce mu, har wani dattijo a kan keke ya jera da mu yana tambayar Yaya ko lalacewa ta yi.

Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Kowa ya san hanyarmu, ba a bari yamma ta yi wa mutum a kanta. An ce mu kai, mu jera, mu juyo kafin la’asar.

“Yaya, don Allah taka motar nan. Da ƙafa na taho da na isa.”

“Ki bar ni. Gilashi na ɗauko.”

“Gilashin zai tsufa kafin mu kai.”

Ya taka kaɗan. Ƙwam! Ya saki.

A Mairuwa muka tsaya ya duba kaya. Komai lafiya, sai dai matan kawu sun yi fari fat da ƙura, ɗaya tana ta addu’a da ƙarfi. Wasu ’yan acaba da ke zaune a inuwa suka hango kawuna uku sun leƙo daga saman tifa, sai ɗaya ya ɗaga murya.

“Direba! A wane rafi ake haƙo irin waɗannan?”

“A rafin gidan ubanka!” in ji Gwaggo daga sama.

Wurin ya kaure da dariya, har shi wanda aka zaga. Yaya ya shigo mota yana murmushi, karo na farko a wata biyu. Ya ce, “Kin gani? Ko kofi bai fashe ba.” Na ce ya bari mu isa tukuna.

Muka bi ta Funtuwa, muka ɗauki hanyar Dandume, ba mu shiga Sabuwa ba sai bayan azahar. Bas ɗin ’yan jere ta daɗe da isa, har sun ci abinci sun yi salla. Gidan da za a sa amarya yana cikin wani lungu matsattse, dole sai da baya za a shiga. A nan kam, in faɗi gaskiya, Yaya ya nuna shi direba ne. Hannu ɗaya a sitiyari, ido a madubi, ya zura ƙatuwar motar nan tsakanin katanga da kwata ko gogar bango bai yi ba. Maza suna ta “zo, zo, zo”, har wani ya ce, “Ya isa!” Ya tsaya daidai ƙofar gida. Mutane suka fara yaba masa.

Sai ga Alhaji da kansa ya fito, cikin farar babbar riga, ya nufo tagar direba. Mutumin da Yaya ya yi wata guda yana mafarkinsa ke nan. Yaya ya leƙa ta taga, ya cire hula, ya sunkuyar da kai iya yadda taga ta bari.

“Ranka ya daɗe, barka da rana. Mun same ku lafiya?”

“Lafiya lau. Kun sha hanya. Ya mutan Ƙanƙara?”

“Suna gaishe ka, ranka ya daɗe. Ya iyali? Ya kasuwa?”

To ga inda abin yake. Bakin Yaya yana gaisuwa, amma sauran jikinsa bai san an zo biki ba. Shekara goma, sau biyar sau shida a rana, abu ɗaya yake yi: ya yi baya, a ce ya isa, ya ja birkin hannu, ya taka kuloci, ya tura wani ƙarfe a gefen kujera, ya ja liba, ya ɗan taka totur. Ina zaune ina kallon hannunsa yana yin duk wannan, a natse, kamar mai jan carbi. Ban san me nake kallo ba. Na ɗauka haka ake kashe babbar mota.

Injin ya canza murya. Alhaji yana cewa, “Kasuwa alhamdu lillahi… alhamdu…” sai na ga idonsa ya bar fuskar Yaya ya fara hawa sama. Yana hawa, kansa yana bin sa, har hularsa ta zame ta faɗi ta baya. Yaya kuwa bai fasa ba.

“Ya zafi, ranka ya daɗe? Ya jama’a?”

Sai muka ji Gwaggo. Ba muciya ba wannan karon, salati ne, irin wanda ake ji daga unguwa zuwa unguwa. Matan da ke cikin gida sun ba mu labari daga baya cewa suna tsakar gida suna jiran kaya, sai suka ga mace zaune a kan kujerar kushin, rungume da kwalla, tana fitowa a hankali daga bayan katanga tana yin sama. Wata tsohuwa ta yar da butarta ta shige ɗaki ta sa sakata.

Daga nan kaya suka tafi. Ƙarar kamar ana rushe kasuwar ’yan tukwane. Matan kawu biyu suka sulale daga kujera, ɗaya bayan ɗaya, suka bi santsin tabarma suka faɗa kan katifu a can ƙasa, filoli suka rufe su. Ƙofar baya ta buɗe iya inda sarƙa ta bari, kamar tafin hannu, ta nan cokula da murafan tukwane da ludaya suka riƙa zubowa cikin lungu. Murfin kwalla ya tashi, dubulan ya bi bayansu yana gangarawa, kajin unguwa suka ce wa Allah mun gode.

Sai a lokacin Yaya ya waiwaya. Ya saki totur, ya kashe mota, ya yi tsalle ya fita ko ƙofa bai rufe ba.

Abin mamaki, babu wanda ya ji ciwo. Matan kawu suka fito da kawunansu daga cikin filoli suna lalubar ɗankwali. Ɗaurin kaya da kaya da aka yi don dole shi ya yi rana: gado ya tokare da sif, sif ya tokare da katifu, shogilas ya jingina a tsakiya a karkace, gilashinsa ko tsagewa bai yi ba. Kujerar Gwaggo kuma ta zame kaɗan ta cije a jikin gado, ta tsaya can sama. Gwaggo tana bisa, ta tokare ƙafafu, tana kallon rufin gidajen Sabuwa.

Yaya ya durƙusa a ƙasa, a cikin cokula.

“Gwaggo, ki yi wa Allah ki yi haƙuri. Bari in sauke ki a hankali.”

“Kada ka kuskura! In ka sake taɓa wani abu a motar ga, ni da kai har gaban Allah!”

“Gwaggo, ba yadda za ki sauko sai an sauke ta.”

“A kawo tsani!”

“Tsani ba ya kaiwa, Hajiya,” in ji wani daga cikin taron.

“To a kawo biyu!”

Alhaji ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya matso ya ɗaga kai. “Hajiya, sannu da zuwa. Kun zo lafiya?”

“Alhaji, ka ga alamar lafiya a nan?”

Lungu ya cika maƙil. Masu waya sun ɗaga suna ɗauka. Dangin ango suna toshe baki da mayafi. Ana ta shawara: wannan ya ce a jera buhuna ta faɗo a kai, wancan ya ce a kira mai gyaran wuta da dogon tsaninsa. Ni kuwa ina cikin mota ni kaɗai, rungume da madubi, zufa tana bin bayana, ina kallon rana tana karkata. Minti goma, minti ashirin, ana abu ɗaya. Na ce a raina, wannan wane irin shirme ne? Na ga libar da ya ja da idona. Abin da aka ja ya hau, ai in aka tura sauka zai yi. Me ke da wuya a nan?

Na miƙa hannu na tura ta har ƙarshe.

Daga baya Yaya ya yi mini bayani cewa in akwai kaya a sama, kaɗan-kaɗan ake sakinta, ana yi ana tsayawa. Ni ban tsaya ba. Bayan motar ya taho gaba ɗaya ya daki mazauninsa, gam! Har haƙorana suka haɗu. Sai shiru. A cikin shirun nan aka ji wani sauti siriri, mai tsawo, kamar ana zuba tsakuwa a faranti. Shogilas ne. Ya tsallake ramukan Mabai, ya tsallake juyewar Yaya, ya zo ya mutu a hannuna.

Gwaggo tana nan zaune daram a kujerarta, kwalla babu komai a ciki, ɗankwali ya rufe mata ido ɗaya. Ba ta ce uffan ba. Tunda nake ban taɓa ganin ta yi shiru ba, kuma wallahi ya fi zagin ban tsoro.

Alhaji ya daina murmushi. Ya dubi Yaya.

“Malam direba, ɗagawar na gane, mantuwa ce, kowa yana yi. Amma motar da ke faɗowa da kanta ba direba a ciki, wannan ba mota ba ce, tarko ce. Da akwai mutum a ƙarƙashi fa? Kada ka ƙara shigo da ita unguwar nan.”

Yaya ya ɗago ya dubi cikin mota. Ya ga liba, ya ga ni. Ya sani sarai. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “To, ranka ya daɗe. Allah ya huci zuciyarka.” Ba zai tona ƙanwarsa a gaban surukai ba, ko da motar za ta tafi.

Na so in yi shiru, ba zan ɓoye ba. Ban da Yaya babu wanda ya gan ni, madubi ya kare ni. Amma ni bakina bai taɓa iya riƙe magana ba, ranar ce kaɗai wannan halin ya yi mini amfani. Na jingine madubin, na sauko.

“Alhaji, motar lafiyarta lau. Ni na tura.”

“Ke? Ke direba ce?”

“A’a.”

“To mi ya kai hannunki?”

“Na ga an daɗe.”

Alhaji ya dube ni, ya dubi Gwaggo, ya dubi kajin da ke fama da dubulan. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi ƙoƙarin riƙewa saboda girma, abin ya fi ƙarfinsa, ya dafa jikin mota yana dariya har da hawaye. Lungu duka ya ɗauka. A nan bakin Gwaggo ya dawo, kuma duk abin da ta tara a sama a kaina ta sauke shi. Ba zan rubuta ba.

Aka sauke Gwaggo, aka sauke kaya, da hannu wannan karon. Asarar ba ta kai yadda ƙarar ta nuna ba: gilashin shogilas, da farantai kaɗan, da ƙafar kujera ɗaya. Muna cikin tsince cokula sai na ji Alhaji yana ce wa Yaya ya sake ɗaga ta ya gani, yanzu da ba kowa a ciki. Yaya ya ɗaga, ya sauke a hankali kamar ana kwantar da jariri. Alhaji ya ce ya ƙara. Ya ƙara.

“Buhuna kam ba zan ba ka ba,” in ji Alhaji. “Wanda ya juye gwaggonsa, masarata ba za ta ba shi tausayi ba.”

Yaya ya ce, “Haka ne, ranka ya daɗe.”

“Amma ina da garke biyu, taki ya taru kamar tsauni, ga damina ta matso. Mai bodi in ta kai gona, sai mutum huɗu sun wuni da shebur kafin su sauke ta, sau ɗaya take zuwa a rana. Wannan taka fa?”

“Sau shida, ranka ya daɗe. In gonar ba nisa, bakwai.”

“To gobe da safe. Taki ba ya salati, ba ya fashewa. Ka juye shi yadda ka ga dama.”

A Sabuwa muka kwana, don lokacin komawa ya wuce. Washegari Gwaggo ta hau bas, ta zauna kusa da ƙofa. Yaya kuwa bai dawo gida ba sai bayan sati uku, yana wari, yana fara’a. Manoman da suka ga tifa tana zuba taki a gonar Alhaji suka fara layi, daga Sabuwa har ƙauyukan Faskari. Da kaka ta yi, suka gano tana kwaso masara da ɓawonta daga gona ta juye a masussuka ba sai an sa a buhu ba. Ruwan farko ya sauka, ya wuce, Baba bai sake ta da zancen sayarwa ba. Ni kuma Inna ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata da kyau, ƙanwata ta rataya wa shogilas labule a inda gilashi yake, kuma duk baƙuwar da ta tambaya sai ta ce a tambaye ni.

Abin da na koya a ranar kashi biyu ne. Na Yaya shi ne, kafin ka sayi mota ka fara tambayar abin da garinku yake ɗauka, in kuma ka riga ka saya, to ka nemo mata kayanta, kada ka tilasta mata na wata. Shi ya yi sa’a kayan nasa suna nan jibge a bayan garke, ba kowa ke samun haka ba. Nawa kuma ya fi sauƙin faɗi, ya fi wuyar yi. Har yau ba ni da haƙuri, har yau in an daɗe sai na faɗa. Amma in na ga mutane sun taru suna jinkiri a kan abin da ni nake ganin mai sauƙi ne, nakan ce wataƙila sun san wani abu da ban sani ba, sai in bar bakina ya yi aikinsa, hannuwana kuwa in zauna a kansu.